Yadda Ake Sa wa Mugunyar Cikin Ido Lamba a ICD-10: Jagora ga Ma'aikatan Ofishin Kati

Duk inda ake aikin ido a Kaduna, tun daga Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, wadda aka kafa a 1979, har zuwa Barau Dikko da asibitin sojoji na 44 da na Shika a Zariya, akwai ciwon da in ya shigo ake ajiye komai a tare shi. Shi ne ƙwayar cuta ta kutsa can cikin ƙwayar ido ta tara mugunya a ciki. Likitoci suna ce masa endoftalmaitis, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya cinye gani. Likita zai yi nasa, nas ta yi nata, in an sallami majinyaci sai folda ta gangaro ofishin kati, ta faɗa hannun wanda zai mayar da duk wannan jinya lambobi.

Abin da aka fi yi shi ne a rubuta H44.0, lambar wannan ciwo a ICD-10, littafin da ke ba kowace cuta lambarta, a rufe folda. Lambar daidai ce, sai dai ba ta faɗin ta ina cutar ta shiga. Maƙerin Panteka da ɓarɓashin ƙarfe ya huda wa ido, da dattijuwar da aka cire wa yana makon jiya, da manomin Giwa da karan dawa ya soka, da mai ciwon suga wanda cutar ta biyo masa ta jini, duk sai su zama mutum ɗaya a rajista. Ranar da shugaban sashen ido ya tambayi ido nawa ne ya kamu bayan tiyata a bana, sai a koma zazzage folda ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka yawancin wannan jagora a kan lambobin da ke raka H44.0 take.

Mataki na farko: san littafin da ke hannunka

Littattafai biyu ne suke yawo da suna kusan iri ɗaya. Akwai ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990 aka soma aiki da shi a 1994. Kundi uku ne: na ɗaya jerin lambobi, na biyu ƙa'idoji, na uku fihirisar sunayen cututtuka. Sannan akwai ICD-10-CM, wanda Amurka ta faɗaɗa don kanta, ta soma aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015, kuma kowace shekara sai ta yi masa gyara. Matsalar ita ce in ka nemi lamba a Google, galibi ta Amurka ce take fara fito maka.

Gane su ba wuya. Lambar Hukumar Lafiya gajera ce, H44.0, ba ta faɗin dama ko hagu. Ta Amurka doguwa ce: H44.001 idon dama, H44.002 na hagu, H44.003 duka biyu, H44.009 ba a faɗa ba. A can ma sun raba gidan uku, H44.00 ga mugunyar da ba a fayyace ba, H44.01 ga wadda ta ci dukkan ido, H44.02 ga ƙurjin ruwan bayan ido, kowace da lambar gefenta a ƙarshe. Kafin ka taɓa folda, bincika wanne manhajar asibitinku take karɓa, wanne kuma takardar neman biya ta NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ko KADCHMA (ta Jihar Kaduna) ko kamfanin inshorar majinyacin take so. Kada ka gauraya su a takarda ɗaya. ICD-11 ma ya fito, an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, amma lambobinsa daban suke gaba ɗaya, sai asibiti ya koma kansa a hukumance ake taɓa shi. A nan da na Hukumar Lafiya zan yi bayani, inda na Amurka ya saɓa zan faɗa.

Mataki na biyu: karanta folda tun daga ƙarshe

Fara da takardar sallama, sannan bayanin tiyata, sannan rubutun zagayen likitoci, sakamakon lab, sikanin ido, sai wasiƙar asibitin da ya turo shi. Wannan wasiƙa kada ka raina ta. Sau da yawa a cikinta kaɗai za ka ga cewa an yi wa mutum aikin yana a wani wuri kwana biyar kafin ya zo.

Ka ajiye 'yar takarda a gefe ka amsa tambayoyi biyar: wane ido, iya ina cutar ta kai, ta ina ta shiga, wace ƙwayar cuta ce, yaya ganinsa ranar shigowa da ranar fita. Likitocinmu RE da LE suka fi rubutawa, dama da hagu ke nan. Wasu kan rubuta OD da OS da OU, wato dama, hagu, duka biyu. CF yana ƙirga yatsu, HM motsin hannu kawai yake gani, PL haske kaɗai, NPL ko hasken babu. IOFB na nufin wani abu ya shige cikin ƙwayar ido, IOL kuwa gilashin roba ne da ake dasawa bayan an cire yana.

Abu ɗaya ka riƙe: kai ba ka gano cuta. Za ka ga an yi wa majinyaci allurar vancomycin da ceftazidime, magungunan kashe ƙwayar cuta, a cikin ido, ka san sarai abin da ake yi wa wannan allura, amma in likita bai rubuta sunan ciwon ba, ba ka da ikon ƙirƙiro shi daga takardar magani. Abin da ka gani dalili ne na komawa ka tambaya.

Mataki na uku: tabbatar cutar ta shiga ciki

A gaban ido akwai koniya, tantanin nan mai kama da gilashi. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai ruwa, sai gilashin ido na halitta, sai babban ɗakin baya mai ruwa mai kauri da ake kira bitiriyos, sannan retina, tantanin can baya mai karɓar haske. Endoftalmaitis sai cutar ta kama ruwan cikin nan, musamman na baya. In ta ci har bangon ido ta fara tsallakawa waje, sai a ce fanoftalmaitis.

Kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne sababbin ma'aikata suka fi zamewa. Jan ido mai kwantsa a waje yake, gidansa H10, in kuma apolo ce B30.3. Gyambon koniya H16.0 ne, ko da kuwa likita ya rubuta cewa mugunya ta kwanta a ɗakin gaba, abin da suke kira haifofiyon. Wannan farin layi da ke kwanciya a ƙasan baƙin ido yana zuwa da gyambo, yana zuwa da kumburin gaban ido na H20.0, yana kuma zuwa da endoftalmaitis, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Kumburin ramin ido, wanda ke turo ido waje ya hana shi motsi, H05.0 ne, domin a bayan ƙwayar ido yake ba a cikinta ba. Cututtukan da ke cin retina su ma da gidajensu: toksofilasma, ƙwayar cutar da kyanwa ke yaɗawa, B58.0† tare da H32.0*, tarin fuka na ido A18.5† (bayanin alamomin † da * yana mataki na huɗu). Akwai kuma kumburin da kan taso cikin awa 12 zuwa 48 bayan tiyata, wanda suke taƙaitawa TASS. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, wani sinadari ne ya fusata idon, saboda haka H44.0 ba gidansa ba ne. In ka ga an rubuta TASS ranar farko, an koma endoftalmaitis rana ta uku, na ƙarshen da aka tsaya a kai shi ne naka.

Mataki na huɗu: fihirisa tukuna, sannan jerin lambobi

Ko ka haddace lambar, buɗe kundi na uku ka nemo kalmar kamar yadda take a rubuce, "Endophthalmitis", ka bi ƙananan layukan da ke ƙarƙashinta, sannan ka je kundi na ɗaya, babi na bakwai, wanda ya kama daga H00 zuwa H59, ka karanta abin da gidan ya ƙunsa da abin da ya fitar. Gida uku za ka tarar.

H44.0 ita ce mai mugunya. Fanoftalmaitis da ƙurjin bitiriyos duk a cikinta suke, kuma mafi yawan foldojin da za su zo maka nan za su faɗa.

H44.1 ta sauran nau'o'i ce: wadda tsutsa ta kawo amma ba a faɗi wace tsutsa ba, da kumburin da kan kama lafiyayyen ido bayan an ji wa ɗan'uwansa rauni. Wasu sun mayar da ita wurin jefa duk abin da ba su gane ba. Wannan ɓata ƙididdiga ne.

H45.1* kuwa mai tauraro ce, kuma lamba mai tauraro ba ta tsayawa ita kaɗai. Dole a haɗa ta da lambar asalin cutar mai alamar wuƙa (†): B69.1† ga jaririyar tsutsar ciki da ta maƙale a ido, B83.0† ga tsutsar karnuka da kyanwa, B73† ga makantar bakin kogi da baƙin ƙuda ke yaɗawa. Ta ƙarshen nan ba baƙuwa ba ce a Jihar Kaduna. A ƙauyukanta ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gwada rabon maganinta, ivermectin, na shekara-shekara, aikin da aka wallafa a 1993. Yanzu ta yi sauƙi ƙwarai, amma har gobe dattawa kan zo da tabonta, kuma tabon ba lallai ne ya zama endoftalmaitis ba. Bi abin da likita ya rubuta.

Mataki na biyar: ta ina ta shiga?

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci.

*Bayan tiyata.* Aikin yana shi ne tiyatar da aka fi yi a ido, don haka shi ya fi kawo irin wannan folda. Likitoci suna raba ta biyu: wadda ta taso cikin mako shida, da wadda ta yi jinkiri ta wuce haka. Littafin Hukumar Lafiya bai raba su ba, duk H44.0 ne. Abin da zai nuna alaƙarta da tiyata shi ne T81.4, cutar da ta biyo bayan aiki, tare da lambar sanadi daga babi na ashirin. In an dasa gilashin roba, Y83.1. In wani aikin ne daban, Y83.8. In allura ce aka yi cikin ido, irin wadda ake yi wa masu suga da retinarsu ta kumbura, Y84.8. Akwai T85.7, ta cutar da abin da aka dasa ya jawo, amma wannan sai likita ya ɗora laifin a kan gilashin da kansa, kamar a nau'in nan mai jinkiri inda ƙwayar cuta ke ɓuya a jakar gilashin har sai an cire shi.

Sharaɗin duka shi ne likita ya ƙulla alaƙar a rubuce. Kasancewar an yi wa mutum aiki wata biyu da suka wuce bai isa ka yanke hukunci ba.

Wace za ta zo a layin farko, T81.4 ko H44.0? Za ka tarar da asibitoci sun rabu. Babi na bakwai ya fitar da duk abin da ke S00 zuwa T98, wato lambobin rauni da guba da makamantansu, daga cikinsa, shi ya sa masu bin littafi sau da ƙafa suke sa T81.4 a gaba, H44.0 ta biyo ta fayyace irin cutar. Ni ma nan na karkata. Illarsa ɗaya: in rahoton wata-wata layin farko kaɗai yake ƙirgawa, sai endoftalmaitis ta ɓace cikin cututtukan bayan tiyata. Maganin wannan shi ne a gyara rahoton ya riƙa duba dukkan layuka. Kowace hanya asibitinku ya zaɓa, a rubuta ta a manna a bango, kowa ya bi, kuma lambobin biyu su fito tare.

Aikin hawan jinin ido yana da nasa hukuncin. Tiyatar tana barin 'yar ƙaramar jaka a saman ido inda ruwa ke tsiyaya, kuma bayan shekaru cuta kan bi ta nan ta shiga. Bugun baya-bayan nan na littafin Hukumar Lafiya sun kai wannan H59.8. Na Amurka ya ba ta H59.43, ya kuma hana a haɗa ta da H44.0. Duba shekarar bugun da ke kan teburinka.

*Bayan aikin gargajiya.* Wannan littafin bai san da shi ba, mu kuwa mun sani. Masu cire yana na gargajiya suna soka tsinke su tura gilashin ido ya faɗa ɗakin baya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma a Arewa abin ya fi yawa. In cuta ta biyo baya, sa H44.0, ƙara H27.1 in likita ya rubuta cewa gilashin ya goce daga mazauninsa, sannan Y83.8. Shawarata a nan, ku buɗe shafi na musamman a rajistarku da zai nuna inda aka yi aikin: a nan, a wani asibiti, a sansanin aikin ido na kyauta, ko a gida. In ba haka ba, aikin da aka yi a zauren wani sai ya hau kan lissafin ɗakin tiyatarku.

*Bayan rauni.* Ɗauki misalin saurayi mai sana'ar ƙira, yana dukan ƙarfe da guduma ba tabarau, ɓarɓashi ya tashi ya shige idon dama. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, sai rana ta huɗu ya zo, ido ya riga ya yi mugunya. Lambobinsa: S05.5, hudar ƙwayar ido da abu a ciki, sai H44.0, sai W44, shigar baƙon abu ta ido. In abin ya huda ya fita, kamar tsinke ko waya, S05.6 ce. In idon ya fashe har kayan ciki sun fito, S05.2, in ba su fito ba, S05.3. Ƙaya da kaifin ganye W60 ne, wuƙa W26, kayan aikin hannu irin su kurfi da lauje W27. In faɗa ne aka yi, lambar sanadin tana komawa gidan farmaki, X85 zuwa Y09, kuma wannan sai an rubuta shi ƙarara a folda, domin takardar na iya zuwa gaban alƙali. Kada ka manta lambar wuri: 0 gida, 4 kan titi, 5 wurin kasuwanci, 6 masana'anta ko wurin gini, 7 gona. A tsofaffin bugu ana liƙa ta a jikin lambar sanadi, a sababbi kuwa shafinta daban.

Tarkon da ke nan shi ne H44.6 da H44.7. Su ma na baƙon abu ne a cikin ido, ta farko wanda maganaɗisu ke ja, ta biyu wanda ba ya ja, amma na tsohon abu ne da ya daɗe a ciki bayan raunin ya warke. Sabon rauni gidan S yake. Haka kuma T15.0 ta abin da ya maƙale a kan koniya ce bai huda ba.

*Daga gyambon koniya.* Lokacin girbi ake yawan ganin wannan. Kara ko ƙaiƙayi ya karce ido, a ɗiga nono ko ruwan ganye, ko a sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid, gyambo ya zurfafa ya huda. Sa H44.0 da H16.0 tare. In likita ya ambaci karcewar farko, lambar sanadinta ta biyo.

*Ta jini.* Nan ba rauni ba tiyata, daga wani sashe na jiki ƙwayar cutar ta taso. In ka ga ido biyu sun kamu lokaci ɗaya, fara zargin wannan. Nemo tushen a folda: ƙurjin hanta K75.0, cutar bawul ɗin zuciya I33.0, gubar jini a gidan A41. Mai suga kuwa a yi hattara. E11.3 ta illar da suga nau'i na biyu da kansa ya yi wa ido ce, kamar lalacewar retina ko yana. Don mai suga ya kamu da mugunyar ido ba shi ne zai sa ka ba shi E11.3 ba. In suga nau'i na biyu ne, kuma ba a rubuta wata illarsa ba, E11.9 ce.

Mataki na shida: ƙwayar cutar

Likita kan tsotso ɗan ruwa daga cikin ido a kai lab. In wani abu ya tsiro kuma likita ya amince da sakamakon, ƙara lamba daga B95 zuwa B97. Waɗannan ba sa taɓa zama a layin farko. Staphylococcus aureus B95.6 ce. Sauran danginta, irin su epidermidis, B95.7, kuma bayan aikin yana su ne kan gaba: a babban binciken da aka yi a Amurka kan majinyata 420, aka wallafa a 1995, su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin da aka samu. Streptococcus pneumoniae B95.3, Pseudomonas B96.5, Klebsiella B96.1, ita ce kuma aka fi sani da tasowa daga ƙurjin hanta. Bacillus cereus, mai biyo raunin da ƙasa ta taɓa, wadda kan gama da ido cikin ɗan lokaci, ba ta da gidan kanta, B96.8 ake ba ta. In lab ya ce ƙwayar ba ta jin maganin methicillin, akwai U82.1.

Fumfuna ba ta cikin wannan rukuni. Candida B37.8 ce, Aspergillus B44.8, ana haɗa su da H45.1*. In an ce fumfuna ce kawai ba a faɗi iri ba, B49.

Sau da yawa ba abin da zai tsiro, musamman in majinyaci ya sha magani kafin ya iso. Wannan bai soke ciwon ba. H44.0 tana nan, layin ƙwayar cuta ne kawai za a bari fayau. In kuma sakamako bai fito ba har aka sallame shi, sa wa foldar alama ka dawo mata.

Mataki na bakwai: wace ce babba, da maganar "ana zato"

Kundi na biyu ya ce babban ciwo shi ne wanda aka tabbatar a ƙarshen jinya cewa shi ya sa aka nemi magani ko bincike. In sun fi ɗaya, wanda ya fi cin kayan aiki da lokaci. Saboda haka saurayin nan maƙeri, in an kwantar da shi an ɗinke huda an ciro ƙarfe an yi allura duk a kwanciya ɗaya, S05.5 ce a gaba. In kuwa an ɗinke shi a wani wuri, mugunyar ce ta kawo shi gare ku, H44.0 ce a gaba. Wanda ke kwance a ɗakin masu ciwon ciki saboda ƙurjin hanta, likitan ido ya zo ya duba shi a can, K75.0 ce babbarsa.

In har ranar sallama alamar tambaya na gaban sunan ciwon, kuma ba wani bayani da ya warware, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta ce a sa masa lamba kamar an tabbatar. Ta Amurka ta yarda da haka ga wanda aka kwantar, ta hana ga wanda aka duba ya koma gida. Amma kafin ka fake da wannan ƙa'ida, tambaya ta fi. Rubuta ta gajera, kada kuma ka sa wa likita magana a baki. Misali: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. A folda mai lamba kaza an rubuta gyambon koniya da haifofiyon a idon hagu, sikanin ya nuna gurɓata a bitiriyos, an kuma yi allura cikin ido ranar Talata. Don Allah a taimaka a rubuta sunan ciwon da aka tsaya a kai, da sa hannu da kwanan wata." Amsar baki a baranda ba ta shiga rajista, sai an rubuta ta a folda.

Mataki na takwas: abin da ya rage bayan jinya

ICD-10 na Hukumar Lafiya ba shi da lambobin tiyata. Allurar cikin ido, wanke bitiriyos, kwashe kayan cikin ido a bar ɓawonsa, ko cire ƙwayar idon ɗungurungum, duk a jadawalin ayyuka na asibiti ko na inshora ake nemo su. Biyun ƙarshen nan aiki ne daban-daban, karanta bayanin tiyata da kyau kafin ka zaɓa. Ka kuma tabbata idon da ke takardar tiyata shi ne idon da ke takardar sallama. Da yake lambar ba ta faɗin gefe, sai ka rubuta dama ko hagu a shafinsa, don kamfanin inshora na iya mayar da takarda saboda wannan kaɗai.

Ganin da ya rage ana nuna shi da H54, a matsayin ƙarin lamba. Idon da ganinsa ya gaza 3/60 ya shiga rukunin makanta. In ɗayan idon lafiya lau yake, H54.4 ke nan, in duka biyun ne H54.0. Ma'aunin ranar sallama ko na zuwan baya za ka ɗauka, ba na ranar da ya shigo ido a kumbure ba.

In ya dawo bayan watanni, kada ka kwafe lambar da ke saman folda. Duba abin da ya kawo shi yau. Cutar ta mutu, ido ya tsotse ya ƙanƙance, H44.5 ce. In asalin abin rauni ne, ƙara T90.4 don nuna cewa tabon tsohon rauni ne. Wanda ya zo a gwada masa idon roba Z44.2, wanda ke sanye da shi Z97.0, wanda ke da gilashin da aka dasa Z96.1. H44.0 ba ta dawowa sai likita ya rubuta cewa cutar ta sake tashi.

Sai wanda zai dawo da kuka a ɗayan idon, wanda ba abin da ya taɓa shi: ja, gudun haske, gani na dusashewa, makonni ko watanni bayan hudar farko. In likita ya rubuta cewa kumburin tausayi ne, wato garkuwar jiki ce ta juya wa lafiyayyen idon, lambar H44.1 ce, a littafin Amurka H44.13 da lambar gefe. Ba a sa mata lambar ƙwayar cuta, domin ba ƙwayar cuta a cikinsa. Haɗa ta da T90.4, ka kuma rubuta gefen sabon idon, ba na tsohon ba.